Saura Kaɗan da Bishiyoyin Matarsa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Saura Kaɗan ya san abu ɗaya: da gashi ake shiga shagonsa, ba da shi ake fita ba. Mai aski ne, kuma kada a ci haƙƙinsa, hannunsa laushi gare shi, rezarsa ba ta taɓa fitar wa kowa da jini ba. Ciwonsa guda ne a duniya, bai san wurin tsayawa ba.

Sai ka shigo ka ce, "Gyaran fuska kawai za ka yi mini, sauri nake." Ya ce, "An gama." Ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya yi 'yan taɓe-taɓe, sannan ya ja da baya, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya. To daga nan ka shiga uku. Zai ga sajen dama ya ɗara na hagu da abin da babu idon da ke gani sai nasa. Ya rage na dama. Ya sake ja da baya, yanzu kuma na hagu ne ya ɗara. Ya rage na hagu. Kana mutsu-mutsu a kujera kana cewa, "Ai ya yi haka," shi kuwa yana danna maka kafaɗa yana cewa, "Saura kaɗan, saura kaɗan." Kafin ka ankara saje ya tafi, ya ja na samansa sun tafi tare, kunnuwanka sun fito fili suna shan iska. In ka ɓata rai sai ya buga maka hoda a wuya ya ce, "Haba, ai gashi ne, zai tsiro." Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ma ba su san yana da wani suna ba.

Abin a jininsa yake. Yana yaro mahaifiyarsa ta ba shi tsintsiya ya share tsakar gida, sai ya lura bakin tsintsiyar bai daidaita ba. Da ta dawo daga kasuwa ta tarar da shi zaune da wuƙa, tsintsiya ta koma tsawon tafin hannu, shara kuwa tana nan inda aka bar ta. Ranar ya sha duka. Washegari ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani mai aski, ta ce ga shi nan, tunda yanka yake so a ba shi abin da ke tsirowa.

Da ya girma ya buɗe nasa shagon, ɗan ɗaki ne a bakin titi tsakanin mai gyaran rediyo da mai shayi. Kujera ɗaya ce mai juyawa, ita ma ba ta juyawa sai an tokare ta da gwiwa. Ga madubi mai tsaga a kusurwa, ga mataji a cikin kofi, ga wata takarda a bango ɗauke da hotunan salon aski kala-kala, wanda babu ko ɗaya da ya taɓa fita daga shagon a kan mutum. Duk da haka bai rasa jama'a ba. Tsofaffin unguwa dama ƙwal-kwabo suke so, ga shi da daɗin hira, ga shi ba ya kai maganar wani wurin wani. Da almakashin nan ya yi aure, ya gina gida, ya biya wa 'ya'yansa kuɗin karatu. Su ma 'ya'yan duk da kai tal suka girma, har malamansu suka ɗauka wani ciwo ne a gidan.

Zamani ne ya juya masa baya. Samari suka zo da wani sabon yayi, a kwashe gefe ɗaya a bar ɗaya, a ja layi a nan, a bar tsiri a can. Babban ɗansa, wanda ya koyi aski a hannunsa kuma ya ƙaro a birni, shi ya iya wannan. Wata rana ɗan ya fita cin abinci, wani saurayi mai shirin zuwa ɗaukar hoto ya shigo ya zauna, ya nuna hoto a wayarsa. Abin da ya biyo baya sai da mai shayi da mai rediyo suka shiga tsakani. Da yamma ɗan ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, ka yi mana wahala ta isa. Ka huta, mu ma mu yi maka."

Maganar da ladabi aka yi ta, amma kora ce, kuma Saura Kaɗan ya gane. Aka ajiye masa benci a ƙofar shago. Yana zaune yana ganin kawuna suna fita a karkace, masu su suna murna, shi kuwa yatsunsa suna motsi su kaɗai a kan cinyarsa. In ya ce wa tsohon abokin ciniki, "Zo in gyara maka," sai mutum ya dafe hula ya ce ana jiransa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba hutu yake so ba, so yake wani ya sake yarda da hannunsa. Ya ɗauki ƙaramin almakashi da reza da ɗan madubin hannu ya zuba a aljihu, kullum suna tare da shi, ko da Allah zai kawo mai tsautsayi.

Matarsa kuwa ba ta san zaman benci ba. Mai Masara ake ce mata, domin tun tana budurwa a gona take. Ita da ƙaninta suka gaji gonar mahaifinsu a bayan gari, doguwar gona wadda ba ta da rijiya ba ta da rafi, abin da sama ta zubo shi ne kawai. Tsohon kafin ya rasu ya dasa layi biyu na darbejiya a gicciye, ɗaya a bakin hanya, ɗaya a tsakiyar gona, duk suna fuskantar inda hadari ke tasowa. Iskar farkon damina a wurin ba ta da mutunci, yashi take kwasowa ta binne shuka tun tana ganye biyu. Bishiyoyin ne ke tare ta. Ganyen da suke zubarwa ya ruɓe ya zama taki, ƙasar gindinsu ta daɗe da laima bayan ta maƙwabta ta bushe, rassan da aka sare kuma su ne itacen girkin gidan.

Sai dai bishiya ba ta san kunya ba. Tun da tsohon ya rasu ba a sami mai sare su yadda ya kamata ba, suka miƙa rassa kan gona, inuwa ta rufe kunyoyi, masarar da ke ƙarƙashinsu ta riƙa fitowa siririya, rawaya, ba goyo. Mai Masara ta taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago, sai suka bi rassa masu kauri da za su yi itace suka bar masu inuwar. Ita kuma kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa sama da kunne. Ƙaninta, wani tsohon direban babbar mota mai tumbi da yawan dariya, wanda har yau Direba ake kiransa, shi ya riga ya yanke hukunci: a kira mai gawayi ya kwashe bishiyoyin kaf, a tumɓuke kututture, tarakta ta shiga ta fita ba gargada.

"Yaya, bishiya a daji take kyau," in ji shi. "Gona ta masara ce."

"Baba ne ya dasa su da hannunsa," in ji ta.

"Baba ya dasa, Baba ya sare. Yanzu wa zai sare?"

A tsakar gida ake wannan magana, Saura Kaɗan yana gefe yana wasa almakashinsa da ba ya yankan komai. Ya yi gyaran murya. Suka juyo suka dube shi, Direba ya fashe da dariya har tumbinsa na rawa, Mai Masara kuwa ta tsura masa ido, irin kallon wanda ya duba ko'ina bai ga mafita ba.

Da safe ta kai shi layin bakin hanya da tsani da adda da zarto. Ta yi masa bayani dalla-dalla, har sau uku.

"Baban yara, ka saurare ni. Gefen da ke kallon gona shi za ka sare, don rana ta sami shuka. Gefen da ke kallon iska kada ka taɓa shi, ko ganye ɗaya. Shi ne katangarmu."

"Wato rabin kai za a aske a bar rabi?"

"Haka nan."

"A bar ta ta fita cikin mutane a haka?"

"Ina za ta je? Bishiya ce!"

Ya ce ya ji. Ta tafi ɗaya ɓangaren gonar tana haɗa kara, tana jin ƙarar adda, kaf, kaf, har hankalinta ya kwanta. Shi kuwa ya gama gefen gona tsaf, aiki mai kyau, yanka a karkace yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. Ya sauko daga tsani. Da ya ɗauki tsaninsa ya wuce gaba, da shi ke nan. Ina! Sai da ya ja da baya, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya.

Da rana ta take Mai Masara ta taho da ruwan sha a buta, tun daga nesa ta ga sararin sama a inda ba ta taɓa ganinsa ba. Layin bakin hanya ya koma sanduna a jere, kowace da ɗan tsirin ganye a ƙoli, an daidaita shi dama da hagu, abin sha'awa. Mijinta yana kan ta ƙarshe yana cewa, "Saura kaɗan." Butar ta suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi! Baban yara, me na ce maka?"

"Maman yara, ki duba da kyau, ai yanzu sun fito kamar 'ya'yan mutane. Kuma ganye ne, zai tsiro."

"Zai tsiro kafin hadari? Kan mutum ne da zai cika a wata guda?"

Bai cika ba. Ruwan farko ya sauka aka yi shuka, masara ta fito gwanin kyau. Hadari na biyu ya taso da jan yashi, ya ratsa tsakanin sandunan nan ba sallama, ya binne duk shukar da ke bayansu. Sai da aka sake shuka, kuma ruwa ya ɗauke tun ba ta nuna ba. Rabin gonar da ke bayan layin tsakiya iska ba ta taɓa shi ba, amma inuwa ta ci nata kason. A shekarar abin da suka kai gida bai kai su rani ba. Masu wucewa a hanya suka sa wa wurin suna Shagon Aski. Har a masallaci da kasuwa ana tambayarsa ko bishiyoyin sun ba da tukuici.

Dariyar gari ba ta dame shi ba, ya saba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne Mai Masara ba ta yi masa faɗa ba. Ta ci gaba da kawo masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, amma ta kwashe adda da zarto ta kulle a ɗakinta. Mace ce da ko allura ba ta taɓa ɓoye masa ba.

Da rani ya yi nisa Direba ya dawo da maganarsa, wannan karon da ƙarfinsa.

"Yaya, lissafin a fili yake. In an bar su inuwa ta ci gona, in mijinki ya taɓa su iska ta ci gona. Na yi magana da mai gawayi."

"Ka ba ni damina ɗaya."

"Na ba ki. Amma in layin tsakiya ya koma sanduna irin na bakin hanya, wallahi ranar gatari zai shiga, kuma ba na son kuka."

Ta rasa yadda za ta yi, sai ta fito da dabara. Da ruwan farko ya sauka aka yi shuka, ta buɗe ɗaki ta miƙa wa mijinta adda, ita kuma ta ɗauki tsohon kwano da ludayin ƙarfe, suka nufi layin tsakiya. Yana sama yana sara, tana ƙasa a zaune ta kafa masa ido. Da zarar gefen gona ya kammala sai ta hau dukan kwano, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ba ta dainawa sai ya sauko ya ɗauki tsani ya wuce ba tare da ya waiwaya ba. Awakin maƙwabta suka daina zuwa wajen, amma dabarar ta yi aiki. Sun yi bishiya biyu ke nan, shuka ta fara leƙowa, sai waya ta zo: 'yarsu da ke aure a wani gari haihuwa ta zo mata da gardama, an kwantar da ita a asibiti.

Mai Masara tana cusa kaya a jaka. Shi yana tsaye a bakin ƙofa.

"In bari sai kin dawo?" ya tambaya.

"Shuka ba za ta jira ni ba. In ta kwana biyu a inuwar nan ta lalace." Ta zuge jaka, ta ɗago ta dube shi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Baban yara. Ban yarda da hannunka ba. Amma ba ni da wani hannun."

Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya raka ta tasha, ya dawo gida bai iya cin komai ba.

Washegari ya isa gona da sassafe, ya tarar an riga shi. Direba ya shimfiɗa tabarma a gefen iska, ga filas ɗin shayi, ga rediyo, ya miƙe ƙafa kamar mai jiran a fara wasa. Shi bai zo da gatari ba, bai zo da faɗa ba. Ya san surukinsa ciki da waje.

"Mijin Yaya, sannu da himma! Ni kallo kawai na zo yi."

Saura Kaɗan ya hau bishiya ta uku. Ya ɗaure kowane reshe da igiya kafin ya sare, ya sauke shi a hankali tsakanin kunyoyi don kada ya danne shuka. Ya gama gefen gona. Ya sauko, ya runtse ido, ya kama tsani zai wuce.

"Kai!" in ji Direba yana kurɓar shayi. "Amma fa ta karkace. Ni ba sana'ata ba ce, ban sani ba ko haka ake yi yanzu. Ka ga wancan reshen kuwa? Kamar ya ɗara sauran."

Idon ya buɗe da kansa. Subhanallahi! Bishiya ce tsaye rabi a aske rabi buzu-buzu, ga wani reshe ya yi tsinin banza yana lilo, yana kiran sunansa. Yatsunsa suka fara motsi. Gumi ya keto masa. Bai san lokacin da ya zagaya da tsani ya jingina shi a gefen iska ba, har ya ɗora ƙafa a matakin farko. Direba ya rage ƙarar rediyo don ya ji daɗin kallo.

A nan ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya san hannun nan nasa, tun yana yaro yake fama da shi, in bai yanki wani abu ba ba zai lafa ba. Ya jefar da adda. Ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya zaro madubi da almakashi daga aljihu, ya jingina madubin a gindin bishiya. Ya dubi furfurarsa, ya ga ta dama ta ɗara ta hagu. Ya rage ta dama. Ya rage ta hagu. Can sai ya ji ƙaiƙayin hannun ya kwanta. Ya tashi ya ɗauki tsani ya wuce bishiya ta gaba, wancan reshen yana nan yana lilonsa.

Direba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Mijin Yaya, kanka ɗaya kuwa?"

"Ɗaya ne, shi nake amfani da shi."

Haka aka wuni. Duk bishiyar da ya gama, Direba ya taya shi ganin karkata, shi kuma ya zauna ya sauke abin a jikinsa. Gashin kai ya kai shi har la'asar. Washegari ya shiga saje, daga saje ya gangaro gemu. Gemun ya yi masa auki, don ya yi ta tattalinsa, kaɗan-kaɗan, ya ci bishiyoyi da dama. Layin kuwa dogo ne, tsohon bai dasa da wasa ba.

A rana ta uku aka zo kan gashin baki. Wannan gashin baki tun yana saurayi yake kiwonsa, shi ne abu ɗaya a duniya da ya taɓa daidaitawa ya bari. Ya daɗe yana kallonsa a madubi. Sannan ya sa almakashi. Direba bai yi dariya ba wannan karon, ya ma kashe rediyon. Bishiya ta gaba da aka gama bai ce ta karkace ba, amma ba a bukatar ya faɗa, Saura Kaɗan yana gani da idonsa. Ya zauna, ya shafa kai, ya shafa haɓa, babu abin kamawa. Ya matso da madubi kusa, ya ɗaga reza wajen girarsa.

"A'a! Mijin Yaya, don Allah bar girar!"

"Ta hagu ta ɗara."

"Na ji ta ɗara, bar ta! Mutum ba gira ai sai yara su gudu!"

Kafin ya rufe baki ta hagu ta tafi, ta dama ta bi ta. Saura Kaɗan ya miƙe, fuska sumul kamar ƙwai, ya ɗauki tsani. Saura bishiyoyi ƙalilan a ƙarshen layi, kuma gabas ta fara haɗa baƙi. Ya hau ya yi ta gaba, ya sauko, ya tsaya. Hannun yana ƙaiƙayi, ya laluba jikinsa ko'ina, babu sauran abin yanka. Ya dubi bishiyar, ya dubi addar da ke ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa don takaici.

Direba ya daɗe yana kallonsa. Shi mutum ne mai son tarakta da son dariya, amma ba mugu ba ne, kuma bishiyoyin nan yana yaro shi ya riƙa ɗebo musu ruwa a bokiti ubansa na dasawa. Kunya ta kama shi. Ya yi tsaki, ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya jawo kututture ya zauna, ya ba da ƙeya.

"Zo ka sauke a nan. Amma ka ji tsoron Allah, ka bar mini na shiga mutane."

Gashin Direba cunkus yake, shekara da shekaru yana ɓoye shi daga surukinsa. Gashin ya isa har ƙarshen layi, har da ragowar da aka ƙarasa don kada a bar aiki a karkace. Tsakanin aski da aski shi ya riƙa riƙe tsani yana jan igiya. Suna sauke reshen ƙarshe iska ta iso. Suka fake a bayan layin, kawuna biyu tal, suna jin yashi yana dukan ganye ta ɗaya gefen kamar ana watsa tsakuwa. Bishiyoyin suka yi ta sunkuyawa suna tashi. A gabansu shuka tana ɗan kaɗawa kawai. Sannan ruwa ya sauka mai yawa.

Da safe Mai Masara ta sauka daga mota. 'Yarta ta haihu lafiya, amma ko gida ba ta biya ba, da jakarta a ka ta miƙe gona. Daga nesa ta hango kore. Ta ƙara sauri. Ta bi layin tun daga farko, tana duba kowace bishiya: gefen gona a share, gefen iska cunkus, yashi ya taru a gindinsu ta waje bai tsallako ba. Rana tana sauka a kan kunyoyi, masara tsaye cikin laima. Duk bishiyoyin a karkace suke, munana, daidai yadda ubanta yake barinsu.

A ƙarshen layi ta ga wani mutum durƙushe yana tara rassa, ya ja hula har kan ido.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Ko ka ga maigidana?"

Mutumin ya miƙe a hankali ya ɗaga hula. Ta ja da baya ta yi salati. Ta sake dubawa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yar da jaka, ta zauna daɓas a cikin laka tana riƙe ciki, in ta ɗago ta gan shi sai ta sake kifewa.

"Baban yara! Wa ya yi maka wannan aika-aika? Ina gashin bakin? Ina girar?"

"Sun ɗara," ya ce a hankali.

Ta buɗe baki za ta sake dariya, sai ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta ga furfura a warwatse a gindin bishiya, ruwa ya manna ta da laka. Ta dubi gindin ta kusa da ita, nan ma haka. Ta bi layin da ido har inda ganinta ya ƙare, sannan ta dawo da shi kan fuskar mijinta. Tausayinsa ya cika mata ciki. Ta tashi ta karkaɗe zane, ta ɗauki jakarta.

"Akwai tsamiyar Baba a can ƙarshen gona," ta ce. "Tun da ya rasu ban bar kowa ya hau ta ba. Gobe ka duba ta."

"To. Ki taho da kwanon."

"Ba zan zo ba. Na gaji, barci zan yi. Ka yi yadda ka ga ya dace."

Ya tsaya da rassa a hannu yana kallonta. Ruwa ya gangaro masa a kumatu, ya yi sauri ya goge da hannun riga.

"Gumi ne," ya ce. "In babu gira, kai tsaye yake shiga ido."

Safiya ce mai sanyi bayan ruwa, ita kanta a lulluɓe take da mayafi.

"Eh," ta ce, "gumi ne. Miƙo rassan in taya ka."